Kayan Nutso a Bahar Maliya: A Ɗauko Daga Gida Ko a Yi Haya a Can?

Duk wanda ya koyi nutso da tukunyar iska har ya karɓi katin shaida, akwai gardamar da ke jiransa tun kafin ya yanki tikitin tafiyarsa ta gaba. Wasu za su ce masa ya sayi kayansa na kansa, duk inda za shi ya tafi da abinsa. Wasu kuma su ce ya ɗauki jakar tufafinsa kawai, in ya isa bakin teku ya yi haya. A garuruwan Masar da ke gaɓar Bahar Maliya, irin su Hurgada da Sharm el-Shek da Dahab, inda baƙi ke tururuwa don kallon murjani da kifaye da tsofaffin jiragen da suka nutse, kullum ana ganin iri biyun nan a filin jirgi. Ga mai jan akwati kamar wanda zai yi ƙaura, ga mai rataye da 'yar jaka a kafaɗa, kuma kowannensu na yi wa ɗan'uwansa kallon wanda bai san abin da yake yi ba.

Kafin a saurari hujjar kowa, ya kamata mai karatu ya san kayan da ake magana a kansu. Tukunyar da ake goyawa a baya, wadda mutane da yawa ke zaton oksijin ce zalla a ciki, iskar duniya ce ta yau da kullum aka matse, kimanin bar 200, wato ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa a tudu. Ba mai iya shaƙar wannan kai tsaye, saboda haka ake ɗaura mata regileta, na'urar da Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera irinta ta zamani a Faransa a 1943. Kashinta na farko yana kan bakin tukunya, shi ke rage matsin zuwa wajen bar 10. Kashi na biyu shi ne wanda ake sa wa a baki, yana ba mutum iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Duk mita 10 da aka sauka cikin teku matsin yana ƙaruwa da ninki guda, don haka wanda ke zurfin mita 30 yana ƙarƙashin ninki 4, kuma iskarsa tana ƙarewa da sauri ninki 4. Bayan regileta akwai falmaran mai iska, wanda ake hurawa ko a sace domin a tsaya tsakiyar ruwa ba a lume ba, ba a taso ba. Sai rigar roba ta maganin sanyi, gilashin fuska, filafilan ƙafa, darmar da ke danne mutum, da kuma kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo.

Abu biyu babu gardama a kansu. Ba mai ɗaukar darma ya shiga jirgin sama da ita, kuma da wuya ka ga mai ɗaukar tukunya. Tukunyar alminiyan da aka fi amfani da ita, mai cin lita 11, ta kai kilo 14 ko babu komai a cikinta, kuma ba a yarda ta hau jirgi da iska a matse ba. A Amurka ma sai an kwance bakinta gaba ɗaya don jami'an tsaro su leƙa ciki. Waɗannan biyun kowa a can yake karɓa, galibi suna cikin kuɗin fita nutson. A kan sauran kayan ne ake ja-in-ja.

Masu cewa a ɗauko daga gida, hujjarsu ta farko sabo ne. Suna cewa a ƙarƙashin ruwa babu lokacin lalube. Idan mutum ya ji yana tasowa sama da sauri, hannunsa ya kamata ya kai kan igiyar sace iskar falmaran ba tare da ya yi tunani ba, kuma wannan igiya a kafaɗar dama take a wani samfurin, a wani kuma tana can bayan ƙugu. Haka maɓallin sakin darma, kowane kamfani da nasa tsari. Wanda ya yi nutso ɗari da falmaran guda, jikinsa ya haddace shi. Wanda aka miƙa wa sabo da safe, yana koyonsa ne a daidai lokacin da yake buƙatar ya riga ya iya. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa gwargwadon wahalar wurin. Kallon kifi a mita 12 cikin ruwa mai kwanciyar hankali daban yake da sauka kan Thistlegorm, jirgin dakon kayan Ingila da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, wanda ke kwance a wajen mita 30 da babura da motoci har yanzu a cikinsa, inda igiyar ruwa kan ja mutum kamar za ta fizge shi daga igiyar da ya riƙe.

Hujja ta biyu ita ce daidai jiki. Kayan aro, in ji su, ba ya rufe katara, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce. Rigar roba tana aiki ne idan ta kama jiki sosai, ta riƙe ɗan ruwa kaɗan wanda zafin jiki zai ɗumama. Idan ta yi yawa, ruwan sanyi ya dinga shiga yana fita, kamar ba a sa komai ba. Ruwan arewacin Bahar Maliya yakan sauka zuwa digiri 21 ko 22 a lokacin hunturu, wanda a baki ba wani sanyi ba ne, amma bayan minti 50 a ciki, sau uku a rana, mutum zai fito haƙoransa na kaɗawa. Rigar haya kuwa ta sha matsa, robar da aka rubuta milimita 5 a jikinta sau da yawa ta lotse ta koma abin da bai kai haka ba. Dogon mutum, da mai jiki, da yara, da mata musamman, su suka fi shan wahalar samun daidai su a shagon haya. Macen da ke son rigar da ta rufe ta ruf har kai, gara ta zo da tata. Gilashin fuska ya fi kowanne tsanani. Fuskar kowa daban ce, gilashin da ya zauna wa wani lafiya zai yi ta yoyo a fuskar wani, kuma mai raunin ido da ke buƙatar gilashi mai magani ba lallai ya samu lambarsa a shago ba.

Akwai kuma ƙyama, wadda ba kowa ke son faɗa a fili ba. Robar da ake ciza a baki ta shiga bakin mutane da dama kafin kai. Rigar kuwa, duk mai nutso ya san abin da sanyi da matsin ruwa ke sa mafitsara ta yi. Shaguna na kirki suna wankewa da magani bayan kowane mai haya, amma mai kula da tsarkin jikinsa don salla ba a ce ya yi tsirfa ba idan ya fi natsuwa da tasa rigar.

Sannan suna kawo batun nisa. A Sharm el-Shek, in regileta ta ba da matsala, ana canza maka wata kafin ka gama shan shayi. Wanda ya hau jirgin ruwan da ake kwana a ciki har mako guda, zuwa tsibiran da ke tsakiyar teku, abin da ke cikin jirgin shi ne kaɗai abin da ke akwai. Haka abin yake a gaɓar Sudan tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tsayar da yawancin masu zuwa. A can ne jirgin Italiya mai suna Umbria yake, wanda ma'aikatansa suka nutsar da shi da kansu a gaban Port Sudan a watan Yunin 1940, a can ne kuma Cousteau ya kafa gidajensa na ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi a 1963. Wurare ne da masu nutso ke mafarkin gani, amma ba wuraren da za ka dogara da shagon haya a bakin hanya ba ne.

To, masu cewa a yi haya fa? Su daga ma'auni suke farawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin auna kaya a Jidda yana cire tsaraba don kilo ya zarce ya san inda maganarsu ta dosa. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ba fasinja mai ƙaramin tikiti akwati na kilo 23, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8. Regileta da falmaran da riga da filafilai da takalman roba, haɗe da nauyin jakar kanta, cikin sauƙi suna cin kilo 12 zuwa 15. Abin da ya rage shi ne na tufafi da komai. A dawowa kuma kayan sun fi nauyi in ba su gama bushewa ba. Wasu kamfanoni suna ba masu kayan wasanni rangwame, wasu suna cajin akwati na biyu a kowane zango, kuma idan tafiyar ta haɗa da ƙaramin jirgi zuwa wani tsibiri, iyakar kilon takan ragu sosai. Mai nutso sau ɗaya a shekara, na kwana huɗu ko biyar, idan ya haɗa kuɗin sayen kaya da na dako da na gyara, zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba.

Sai ɓatan kaya. Rahoton kamfanin SITA, wanda ke bin diddigin jakunkunan fasinjoji a duniya, ya nuna cewa a 2023 kusan jaka 7 ce ke samun matsala a cikin kowane fasinja 1,000, yawanci jinkiri ne, kuma wajen canjin jirgi abin ya fi faruwa. Adadin ba shi da yawa, sai dai jinkirin kwana biyu ya isa ya lalata tafiyar wanda jirgin ruwansa zai tashi gobe da asuba. Idan kuma akwatin ya ɓace ɗungurungum, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ƙayyade iyakar diyyar da kamfanin jirgi zai biya, wadda bayan ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024 take wajen dala 2,000 ga fasinja. Cikakken kaya mai kyau, balle a haɗa da kyamara, ya wuce haka. Shi ya sa ko masu ɗaukar nasu sukan guji jakar da aka zana sunan kamfanin kayan nutso ɓaro-ɓaro a jikinta, don tana sanar da ɓarawo abin da ke ciki.

Akwai wata hujja da ba a cika ji ba, amma ta cancanci a ji ta. Kaya suna yawo da abin da ke jikinsu. Wata cutar murjani da aka fara gani a gaɓar Fulorida a 2014 ta bazu a tekun Karibiyan tana kashe murjani masu tauri, har hukumomi a wurare irin su tsibirin Bonaire suka riƙa umartar masu nutso su tsoma kayansu cikin magani kafin su canza wuri. Rigar da ta tashi daga wannan teku zuwa wancan da danshinta tana iya zama abin hawa ga abin da ba a gayyata ba. Kayan shago kuwa a ruwa guda suke rayuwarsu.

Amma hujjar da ta fi kowacce nauyi a wurina ita ce ta gyara, kuma a nan ne nake ganin masu kaya nasu suke yaudarar kansu. Regileta cike take da ƙananan zobunan roba da bawuloli masu buƙatar a kwance su, a wanke, a canza waɗanda suka gaji, duk shekara ko shekara biyu gwargwadon umarnin kamfanin da ya ƙera ta, kuma ƙwararren da aka horar ne ke yin wannan aiki. Roba tana lalacewa ko ana amfani da ita ko ba a yi, zafi da bushewar iska kuma suna gaggauta lalacewar. A ɗauki ɗan Kano ko Maraɗi da ya koyi nutso yana karatu a Alƙahira, ya sayi kayansa, ya dawo gida. Regiletar za ta yi wata 11 a saman sif tana shan zafin bazara da ƙurar hunturu, babu teku kusa, babu mai gyaranta a garin. Ran da ya ɗauko ta zuwa Hurgada zai ce ai tasa ce, ya san ta. Abin da ya sani shi ne yadda take bara. Ita kuwa ta shago mai ciniki, kullum tana cikin ruwa, in ta fara yoyo yau, yau za a gani, kuma mai gyara yana bayan kanti. A Masar akwai hukumar CDWS, da aka kafa a 2007, wadda ke duba cibiyoyin nutso kafin su samu lasisi, kuma mai haya yana da damar tambaya ko shagon yana cikin rajistarta.

Masu kaya nasu za su amsa cewa lasisi takarda ce, kuma ba kowane shago ne na kirki ba. Gaskiyarsu ne. Akwai shagunan da ke karya farashi su rage a wajen gyara, akwai bututun da ya tsage da ake ci gaba da bayarwa. Sai dai su ma akwai abin da suke mantawa. Ko mutum ya zo da komai nasa tun daga gilashi har zuwa filafilai, iskar da zai shaƙa daga injin shagon ta fito. Idan matatar injin ta tsufa, ko aka ajiye shi kusa da hayaƙin janareta, iskar tana iya ɗaukar gubar hayaƙi mai kisa wadda ba ta da wari ko launi, kuma regileta mai tsada ba za ta tace ta ba. Tukunyar ma ta shago ce, da tambarin gwajin ƙarshe da aka yi mata a buge a wuyanta. Ashe dogaro da shago ba abu ne da kowa ke kauce masa ba. Wanda bai amince da regiletar wani shago ba, babu dalilin da zai sa ya amince da iskarsa, kuma maganin wannan shi ne canza shago.

Idan aka ɗora hujjojin nan a kan juna, za a ga ba duk kayan ne hukuncinsu ɗaya ba. Kwamfutar hannu ita ce abin da ban ga uzurin barinsa a gida ba. Ba ta da nauyi, kuma ita ke lissafin naitirojin da ya taru a jikin mutum daga wannan nutso zuwa na gaba, ta faɗa masa tsawon lokacin da zai iya zama a kowane zurfi da saurin da zai taso. Lissafin na mutum ɗaya ne, ba a musayarsa. Wanda aka ba wannan kwamfuta yau, gobe aka ba shi wata, ta biyun ba ta san abin da jikinsa ya kwasa jiya ba. Ga shi kuma kamfanoni ba tsarin lissafi ɗaya suke bi ba, alamominsu na gargaɗi ma sun bambanta, kuma zurfin mita 25 ba wurin koyon karatun sabon allo ba ne. Gilashin fuska na biye da ita. Robar baki kuwa ba ta fi girman ɗan yatsa biyu ba, ana iya zuwa da sabuwa a roƙi shago ya ɗaura ta a kan regiletarsu, batun ƙyama ya ragu da rabi.

Wanda ya yanke shawarar ɗaukar nasa duka, shirya jakar ma ilimi ne. Regileta da kwamfuta da gilashi mai magani a jakar hannu suke tafiya, a naɗe bututun a sassauce kada ya karye. Filafilai a jera su a gefunan akwati su zama katanga, falmaran a sace iskarsa tas a shimfiɗa, rigar roba a naɗe ta maimakon ninkewa don ninki yana barin tabo a roba. Batiran litiyam na ajiya ba a yarda su shiga akwatin da ake aunawa ba, sai jakar hannu, kowanne a rufe bakinsa. Wanda bai wuce awa-wat 100 ba ana wucewa da shi, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Tocilar nutso mai ƙarfi ana raba ta da batirinta, domin in ta kunna kanta a cikin kaya zafinta na iya ta da wuta. Wuƙa a akwatin ƙasa take tafiya, safar hannu kuwa ana iya barinta a gida, tunda a wuraren da aka killace kamar Ras Muhammad, wanda Masar ta mayar gandun ƙasa a 1983, ba a son mai nutso ya sa ta, don kada ta ba shi ƙarfin halin taɓa murjani. Kuma a tambayi shago tun daga gida wane irin baki tukwanensu ke da shi. Iri biyu ne a duniya, akwai na murɗawa mai suna DIN da Turai ta fi amfani da shi, akwai na maƙalawa da ya fi yawa a Amurka da Karibiyan. Ɗan ƙarfen da ke haɗa su bai kai nauyin wayar hannu biyu ba, amma rashinsa ya sa mutane da dama sun yi dakon regileta daga wata nahiya sun ƙare da ta haya.

Ranar komawa gida tana da nata sharaɗi, wanda ya shafi mai kaya da mai haya baki ɗaya. Matsin iska a cikin jirgin sama daidai yake da na saman dutse mai tsayin mita 2,000 da wani abu, kuma naitirojin da ya rage a jiki yana iya zama kumfa a jini idan aka hau da wuri. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, shaguna da dama kuma sukan ce a cika 24. Hawan dutse ma haka ne. Baƙi da yawa a Dahab suna son su ziyarci Jabal Musa, mai tsayin mita 2,285, kuma bai kamata a tafi can daren ranar da aka fito daga ruwa ba. Wannan ranar jira ita ce ta wanke kaya da ruwan daɗi a shanya su a inuwa.

Nawa hukuncin ya karkata ga masu haya fiye da yadda masu sayar da kaya za su so. Wanda ke nutso a kai a kai, yana da mai gyara a kusa da shi, ko zai tafi inda babu shago, ya ɗauki nasa, hujjar sabo tana tare da shi. Amma wanda teku ke ganinsa sau ɗaya a shekara, kuma mafi yawan masu karanta wannan da za su gwada abin a nan suke, ya sayi kwamfuta da gilashi da robar baki, in da hali ya ƙara da rigar da ta yi masa daidai, sauran ya yi haya a shago mai lasisi. Idan an miƙo masa regileta, ya buɗe tukunya, ya shaƙa daga bakinta yana kallon allurar ma'aunin iskar tukunyar. In allurar tana rawa da kowane numfashi, ko iskar tana warin mai, ko ya ga tsaga a bututu, ya mayar ya ce a ba shi wata.